Hanyar Birnin Gwari: Wa Ke Share Hawayen Matar Soja?

A wannan fitowar tafiya za mu yi, don haka kowacce ta ɗauko mayafinta. Birnin Gwari za mu, garin da shekaru da dama idan aka ambaci sunansa sai ki ga mutane sun yi shiru, wasu su ce Allah ya kyauta. Akwai soyayya a cikin labarin, amma irin wadda mu marubuta ba mu cika kaiwa ga rubuta ta ba, domin mu da an ɗaura aure an kai amarya sai mu ce alhamdulillahi, mu rufe littafi.

Birnin Gwari tana yammacin jihar Kaduna, tafiyar sama da kilomita ɗari daga cikin gari. Ƙasarta ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja, ga noman masara da dawa da waken suya, ga zinare a ƙarƙashin ƙasa. Tsohuwar hanyar Legas ta nan ta bi, ta wuce Tegina da Makwa, don haka tun da daɗewa garin matafiya ne da direbobin manyan motoci. Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne sunan jikar Goggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a can, wadda muka yi shekaru ba mu sa ta a ido ba saboda halin da hanya ta shiga.

Daga Mando muka tashi da hantsi. Ba mu yi nisa ba muka wuce Afaka, inda makarantar horar da hafsoshin soja take, na ga samari cikin kaki a bakin ƙofa, wasu 'yan mata biyu da ke gefena suna ta zunguri juna suna dariya ƙasa-ƙasa. Na san wannan dariyar, kuma na san kuna sane da ita, kaki ai yana da kwarjini. Muka bi ta Buruku, muka bi ta Udawa, gidaje suka fara yin nisa da juna, daji ya fara matsowa bakin titi har ka ce zai rungume motar. Da muka iso Kuriga motar ta yi tsit. A nan ne ranar 7 ga Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta, yara irinku, aka shiga da su daji, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Wata tsohuwa a bayana ta shiga salati, duk muka amsa.

Duk 'yar tafiya kaɗan sai mun tarar da shingen sojoji. Buhunan yashi, 'yar rumfa, tukunya a kan murhun duwatsu uku, wanki a shanye jikin reshe. Na dinga kallon fuskokinsu, wallahi da yawansu ba su girme ni ba. Wani yana ɗaga mana hannu, wani yana tsugune yana latsa waya, a raina na ce ƙila da matarsa yake magana, ƙila da mahaifiyarsa. Direbanmu ya ce a da sai an jira rakiyar sojoji kafin a bi hanyar, wani lokaci a yini guda ba za ki ƙirga motoci da yawa ba. Yanzu kuwa ga manyan motoci ɗauke da buhunan masara da shanu suna ta wuce mu.

Shi wannan daji da ake ta faɗa, 'yan uwa, kyakkyawa ne ƙwarai, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ga doka, ga maje, ga kaɗanya da ɗorawa, ga duwatsu manya-manya sun tokare sama. Wani ɓangarensa shi ne gandun Kamuku, wanda tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 kuma ya zama gandun dajin ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita dubu ɗaya. An san shi da giwaye da gwanki da birai da tsuntsaye iri-iri, akwai ma wani mafaɗar ruwa da ake kira Dogon Ruwa da a da mutane ke zuwa kallo. Ta arewa ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, to wannan haɗuwar ce ta zama masifa, domin ɓarayin daji suka samu wurin da za su shiga ta wata jiha su ɓulla ta wata.

Na tarar da garin cike da mutane. Tun ƙarshen watan Nuwamba na 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, sai harkoki suka fara dawowa. Goggo ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, ashe da rabon zan sake ganinki." Aka yi suna lafiya, aka ci tuwon masara da miyar kuka har aka bar saura.

Kwana biyu da suna, ɗan Goggo zai kai saƙo ta hanyar Funtuwa, na ce ya tafi da ni in ga Kamfanin Doka. Ƙauye ne kamar kowane ƙauye, ga masu rake a bakin hanya, ga yara na tura taya. Amma a nan ne ranar Talata 20 ga Maris na 2018 da dare 'yan bindiga suka far wa sojojin da ke gadi suka kashe goma sha ɗaya. Ba a yi wata biyu ba, ranar 5 ga Mayu, aka shiga ƙauyen Gwaska aka kashe mutane sama da arba'in. Bayan nan ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a kafa bataliyar soja a yankin. Na tsaya ina kallon wurin, iska na kaɗa ganyen doka, ba abin da zai nuna miki an taɓa zubar da jini. Sai na shiga lissafi, mutum goma sha ɗaya gida goma sha ɗaya ke nan, kowanne da uwa, da yawa da mata da 'ya'ya. Mu mun ji a rediyo mun ce Allah ya jiƙansu mun ci gaba da tankaɗe. Su fa iyalan, wa ya bi sawunsu?

Da na dawo na yi wa Goggo wannan tambayar, sai ta ce, "In amsa kike so, tashi mu shiga maƙwabta."

Wata baiwar Allah muka samu a tsakar gida tana tuyar ƙuliƙuli, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, fara ce mai fara'a. Ba zan faɗi sunanta ba, Yaya na kira ta, ita kuma ta ce mini ƙanwata. 'Yar garin ce. Mijinta kofur ne, mutumin wata jiha mai nisa, aiki ya kawo shi Birnin Gwari, ya gan ta a hanyar Islamiyya, ya bi ta har gida ya gaida mahaifinta. Ta ce da farko an hana, aka ce soja ba shi da gari, amma da aka ga natsuwarsa da riƙon sallarsa aka ba shi. Ya kai ta bariki a Kaduna, ɗaki ciki da falo, suka haifi biyu. Tana da cikin na uku aka sake turo su dajin nan, dajin garinsu, a ciki Allah ya karɓi ransa a wata arangama.

Ta ce, "Ƙanwata, ranar da aka zo gaya mini ina tsinke zogale. Da na ga matan bariki sun shigo su huɗu ba mai dariya, na san ta faru."

Na ce, "Yaya, to haƙƙinsa fa? Na ji ana cewa gwamnati na biyan iyali."

Ta yi murmushi ta juya ƙulin da ke cikin mai. Ta ce, "Ana biya. Amma wa ake ba? A nan gizo ke saƙar."

Ga yadda ta warware mini, ku saurara da kyau. Duk wanda ya shiga soja, tun yana kurtu a Zariya ake ba shi fom ya rubuta sunan magajinsa, wato wanda hukuma za ta nema idan ta Allah ta kasance, su a bariki nes-of-kin suke cewa. Marigayi ya cika nasa yana saurayi, bai san ma za a yi wata ita ba, sai ya rubuta sunan wansa. Aka yi aure, aka haihu, kullum yana cewa zai canza, aiki bai bar shi ba, ita kuma kunya ta hana ta tuna masa, don kada ya ce mutuwa take masa fata. Da ya rasu, hukuma ta buɗe fayil, sunan da ta gani shi ta kira. Ita tana cikin takaba, ga ciki, ba ta san me ake ciki ba. Wan mijin ya yi ta zirga-zirga da takardu, kuɗi suka shiga asusunsa. Abin da ya iso hannunta buhun shinkafa ne da 'yan kuɗin da ba su kai ta haihuwa ba. Ɗakin bariki kuma na aiki ne, ba gado ba ne, dole wata rana a tashi a ba wani. Haka ta tattaro yaranta da 'yan kwanukanta ta biyo wannan hanyar ta dawo gaban iyayenta.

Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, har surukarta, tsohuwar da ta haifi marigayin, ba ta ga abin kirki ba. Wan ya ce ai sunansa gwamnati ta rubuta, don haka nasa ne.

'Yan uwa, a nan nake so mu tsaya. Sunan da ke kan wannan takarda sunan wakili ne, amana aka ba shi ya karɓo. Bai zama mai dukiya ba don an rubuta shi. Mu Musulmi Allah ya riga ya yi rabonsa, matar da ke da 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida, haka uba, 'ya'ya su ɗauki saura, kuma inda mamaci ya bar ɗa namiji ɗan uwansa ba ya gado. Wannan magana kuwa kaifi biyu gare ta. Idan sunanki ne ke kan takardar, ke ma ba naki ba ne ke kaɗai, kada ki rungume ki manta da tsohuwar da ta yi naƙudarsa. A kai wa malamai da alƙali su fayyace abin da ke shiga gado da yadda za a raba.

Abin da ya ceci Yaya ke nan. Mahaifinta da limamin unguwarsu suka yi tattaki har garin mijin, aka zauna da manya, da abin ya ƙi aka je gaban alƙali. An samo wani abu, ba duka ba, domin an riga an ci da yawa. Da shi ta sayi injin markaɗe da buhunan gyaɗa, ta gina ɗakin da muka zauna a ƙofarsa.

Sai kuma ta faɗi wadda ta sa na ajiye ƙulin da ke hannuna. Ta ce ta yi shekaru tana biya wa yara kuɗin makaranta da kuɗin man gyaɗa, ba ta san rundunar soja na da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki ba. Wata matar soja da suka zauna a bariki, ita ma mijinta ya rasu, ita ta kira ta a waya ta ce, "Ke kina nan zaune? Ina takardun haihuwar yaranki?" Ita waccan mijinta ya canza fom tun satin bikinsu, ya kuma nuna mata jakar da yake ajiye takardu, shi ya sa ba ta sha wahala irin ta Yaya ba, ko da yake ita ma ta yi jira, ta yi sintiri. Yanzu babbar 'yar Yaya tana sakandare, ta ce likita take son zama. Na ga yarinyar ta shigo da tulu, ta durƙusa ta gaishe mu, idonta sak na hoton da ke rataye a ɗakin.

Don kada ku ce Yaya ce kawai ta faɗa, ga abin da ke akwai a tsari. Idan soja ya rasu a bakin aiki, akwai kuɗin rasuwa da ke fitowa ta Hukumar Fansho ta Soja da ke Abuja. Akwai inshorar rai ta bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ke yi wa ma'aikatanta. Sojan ƙasa kuma suna da tasu inshorar ta walwala da asusun taimakon juna, waɗanda ake cire musu wani abu daga albashi tun suna raye. Ga tallafin karatun yara, daga firamare har jami'a. Kowanne da ƙofarsa, kowanne da takardun da yake nema, irin su shaidar rasuwa, takardar ta'aziyya daga rundunarsa, katin shaidar magaji da hotuna, rantsuwar kotu, lambar asusun banki, da takardun haihuwar yara. Wadda ba ta san ƙofa ba kuwa ko shekara goma ta yi tana zagaya gida ba za ta shiga ba.

Jinkiri ma gaskiya ne. A ƙarshen 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince da naira biliyan 18 don biyan kuɗin inshora da sauran haƙƙoƙin iyalan sojojin da suka rasu. Kuɗi masu yawa haka ai ba na mamatan wata guda ba ne, alama ce ta yadda iyalai suka daɗe suna jira. Haka kuma da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024, a wurin jana'izarsu a Abuja shugaban ƙasa ya yi alƙawarin gida ga kowane iyali, da karatun yara har jami'a, ya ce a biya haƙƙinsu cikin kwana 90. Marigayi Janar Taoreed Lagbaja, shugaban sojan ƙasa na lokacin, ya ce sun bar mata goma, uku da juna biyu, da marayu 21. Abu ya yi kyau, Allah ya saka. Fatanmu shi ne wanda ya faɗi shi kaɗai a wani lungu na dajin Kamuku, ba kyamara ba jarida, shi ma iyalinsa su samu irin wannan gaggawar, domin yunwar maraya ba ta san wanda aka nuna a talabijin ba.

A hanyarmu ta komawa gida Goggo ta nuna mini wasu ƙofofi biyu. Ta ce, "Waɗannan kuma mazansu 'yan sa-kai ne, su ma a dajin suka kwanta. Su ko fom ɗin ba su da shi." Ta ce matan unguwar ne ke haɗa musu ɗan hatsi lokacin kaka, da kayan sallar yara. Na yi shiru, domin ban da amsa.

To, ƙannena 'yan makaranta, da ku 'yan mata masu saurayi mai kaki, ban ce ku guje su ba. Soja ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma in ba don su ba da ban taka Birnin Gwari na dawo ina ba ku labari ba. Yaya da kanta ta ce da za a mayar da ita baya, shi ɗin dai za ta sake zaɓa. Amma so ba ya hana hankali. Idan Allah ya haɗa ki da soja, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin gwamnati kowane iri, bayan an watse biki ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki ce, "Maigida, wa ka rubuta a takardarka?" Tambayar ba ta kashe kowa, ajali ba ya jiran a tambaya. Ki tabbata an yi muku takardar shaidar aure. Duk yaron da kika haifa a karɓo masa takardar haihuwa, kada a ce sai an sa shi makaranta. Ki san lambar aikinsa da sunan rundunarsa kamar yadda kika san lambar wayarsa. Ki buɗe asusun banki da sunanki. Ki riƙe dangin mijinki da mutunci tun yana raye, musamman mahaifiyarsa, don ranar kuka ku yi shi tare. Sama da duka, ki yi karatunki, ki kuma koyi sana'a. Wadda ta iya karanta takarda da kanta ba a cika yi mata sakiyar da ba ruwa ba.

Ku kuma 'yan uwan miji da aka rubuta sunanku, ku ji tsoron Allah, kun san abin da aka ce game da cin dukiyar maraya, ba sai na maimaita ba.

Mu sauran kuma da namu aikin. Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, manya su saka ɗan bajo a ƙirji. Mu ba sai mun jira Janairu ba. Ki duba unguwarku ko ajinku, ƙila akwai yarinyar da mahaifinta ya tafi Borno ko Zamfara ko Birnin Gwari bai dawo ba. Ki ja ta a jiki. In gidanku akwai wanda ya san kan takardu, ki haɗa shi da mahaifiyarta. In kin san wani haƙƙi da ba ta sani ba, ki gaya mata, kin dai ji kiran waya ɗaya ne ya mayar da 'ya'yan Yaya kan hanyar karatu. In ƙuliƙuli take sayarwa ki saya, kada ki nemi ragi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a wannan daji, sojoji da 'yan sa-kai da manoma da matafiya, ya raya abin da suka bari, ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu lafiya. Wadda ke da irin wannan labari a gidansu ta rubuto mana, za mu buga ba tare da suna ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.